Shekara Biyar a Ɗaki Guda: Tarihin Iyalan Vashchenko da Neman Fita Daga Sobiyet

Ranar 27 ga Yuni, 1978, mutum takwas suka iso ƙofar ofishin jakadancin Amurka da ke titin Chaikovsky a birnin Mosko. Sun taso ne daga Chernogorsk, wani garin masu haƙar kwal a kudancin Siberiya, tafiyar fiye da kilomita 3,000. Shida 'yan gida ɗaya ne: Pyotr Vashchenko, da matarsa Augustina, da 'ya'yansu mata uku, Lidiya da Lyubov da Liliya, da ɗansu matashi Ioann. Sauran biyun maƙwabtansu ne kuma 'yan cocinsu, Maria Chmykhalova da ɗanta Timofei, wanda a lokacin yake da shekara 16.

A wancan zamani ba ka rasa 'yan sandan Sobiyet a ƙofar kowane ofishin jakadanci a Mosko. A bakin hukuma, gadin baƙi suke yi. A aikace kuwa, aikinsu shi ne kada ɗan ƙasa ya shiga. Iyalan Vashchenko suna riƙe da takardar gayyata da wani limamin coci ya aiko musu daga garin Selma na jihar Alabama, kuma abin da ya kawo su shi ne su tambayi yadda za su yi amfani da ita. 'Yan sanda suka ce ba hanya. Sai kawai suka sheƙa da gudu. Bakwai suka kai ciki. Ioann bai kai ba: aka cafke shi a bakin ƙofa, aka kayar da shi ƙasa a kan idon iyayensa, aka yi awon gaba da shi.

Mutum bakwai ɗin nan ba su shigo da niyyar kwana ba. Cewa suka yi ba za su fita ba sai sun ji halin da yaron yake ciki. Bayan kwanaki labari ya iso ta waya daga gida cewa an mayar da shi Chernogorsk, amma ya sha dukan kawo wuƙa. Daga nan suka san abin da ke jiran su a waje. Suka zauna. Zaman da ya kai su shekara biyar ba 'yan watanni.

Wanda zai fahimci wannan taurin kai sai ya koma baya da kusan shekara ashirin.

Iyalan Vashchenko Kiristoci ne mabiya ɗarikar Pentikostal. Wannan ɗarika ta yaɗu a ƙasar tun farkon shekarun 1920 ta hannun wani mai wa'azi, Ivan Voronaev, wanda ya kafa coci a Odessa, aka kama shi a 1930, aka harbe shi a 1937. Gwamnatin kwaminisanci ba ta taɓa ɓoye aƙidarta ba: babu Allah, kuma addini cuta ce da za a warkar da jama'a daga gare ta. Dokar 1929 kan ƙungiyoyin addini ta ce ba wurin ibadar da zai buɗe sai ya yi rajista da hukuma, ta kuma haramta shirya wa yara karatun addini. A 1945 aka ce wa 'yan Pentikostal su shiga ƙarƙashin inuwar majalisar Baptis da gwamnati ta amince da ita, su bar wasu ibadunsu a bainar jama'a. Wasu suka shiga. Da yawa suka ƙi, suka ci gaba da taruwa a ɗakunan juna da cikin daji. Cocin Chernogorsk na cikin waɗanda suka ƙi.

Ana yawan tuna Nikita Khrushchev a matsayin wanda ya tona asirin Stalin, ya buɗe ƙofofin sansanonin aikin dole. Haka ne. Amma ga masu addini, mulkinsa ya zo da wata sabuwar azaba. Daga 1958 zuwa 1964 aka rufe kusan rabin cocin Otodoks da suka rage. Jaridu da rediyo suka tasa 'yan ɗariku marasa rajista a gaba, ana nuna su a matsayin mahaukata masu cutar da 'ya'yansu. A makaranta kuwa, ana so kowane yaro ya ɗaura jan ƙyallen ƙungiyar yara ta jam'iyya a wuya, ya haddace cewa Gagarin ya je sararin samaniya bai ga kowa ba. Yaron da ya ƙi, malami zai tsayar da shi gaban aji a yi masa dariya, a waje kuma 'yan uwansa yara su bi shi da duka.

Kada mai karatu Musulmi ya ɗauka wannan labarin wasu ne can. Dokar da ta hana Pyotr tara yara a koya musu Baibul, ita ce ta hana malami a Bukhara ko Dagestan tara yara a koya musu Fatiha. Dubban masallatan da ke ƙasar kafin juyin juya halin 1917 sun koma 'yan ɗaruruwa, kuma aikin Hajji ya zama na 'yan ƙalilan da hukuma ta tace ta zaɓa. Bulala ɗaya ce ta zane kowa.

Da wulaƙancin ya ishe su, Pyotr da Augustina suka cire 'ya'yansu daga makaranta. Wannan ne ya ba hukuma hujjar da take nema. A 1962 kotu ta ƙwace manyan 'ya'yansu mata uku, Lidiya da Lyubov da Nadezhda, aka kai su gidajen rainon yara na gwamnati domin a goge abin da iyayensu suka zuba musu. Shi kuma Pyotr aka ɗaure shi. A ganina, duk abin da ya biyo baya daga wannan rana ya samo asali. Mutum zai iya jure korar aiki, da tara, da zagin maƙwabta, har da kurkuku. Amma ranar da ya gane cewa ƙasar da yake ciki ba ta ɗauki 'ya'yansa a matsayin nasa ba, ranar zai daina ganin ta gida. Iyalan Vashchenko ba arziki suka tafi nema Amurka ba. Ba su ma san Amurka ba. Wurin da za a bar musu 'ya'yansu suke nema.

Ranar 3 ga Janairu, 1963, mutum 32 daga Chernogorsk, maza da mata da yara, cikinsu har da dangin Vashchenko, suka kutsa cikin wannan ofishin jakadancin na Amurka, suna roƙon a taimaka musu su bar ƙasar. Jami'an Amurka suka saurare su, suka ba su abinci, sannan suka kira ma'aikatar harkokin waje ta Sobiyet. Aka zo da bas aka kwashe su suna kuka. Labarin ya fita a jaridun duniya na 'yan kwanaki, ya wuce. Mutanen Chernogorsk kuwa ba su manta ba.

Shekarun da suka biyo baya duk a kai-komo suka ƙare. A takarda, akwai hanyar fita daga Tarayyar Sobiyet. Akwai ofishin biza na ma'aikatar cikin gida, wanda ake kira OVIR. Sai dai kafin a karɓi takardarka, sai ka kawo gayyata daga ɗan uwa na jini da ke ƙasar waje, sai ka kawo shaida daga wurin aikinka, wanda ke nufin ka tona wa kanka asiri gaban shugabanka, sai ka biya kuɗin da ya ninka albashin wata sau da yawa. Bayan duk wannan a ce maka a'a, ba tare da dalili ba. Mai haƙar kwal a Siberiya, ina zai samo ɗan uwa a ƙasar waje? Suka rubuta wa majalisar ƙoli, suka rubuta wa shugaban Sobiyet Brezhnev, suka rubuta wa Majalisar Ɗinkin Duniya, aka yi musu kunnen uwar shegu. Da suka sake gwada zuwa ofishin jakadanci a 1968, aka kulle Pyotr a asibitin masu taɓin hankali, daga nan aka wuce da shi sansanin aikin dole. Augustina, uwar yara rututu, aka yanke mata shekara uku. A 1975 Brezhnev ya sa hannu a yarjejeniyar Helsinki tare da shugabannin wasu ƙasashe 34, aka yi alƙawarin mutunta 'yancin addini da sauƙaƙa haɗuwar iyalai. A Chernogorsk ba abin da ya canza. Bayan shekara biyu ma aka ɗaure babban ɗansu Aleksandr saboda ya ƙi shiga aikin soja.

Da wannan tarihi a bayansu suka shiga ofishin jakadanci a 1978. 'Ya'yansu 13 ne, uku kawai ke tare da su. Sauran suna Siberiya, manya na riƙon ƙanana.

Yanzu a zo kan masu masauki, domin su ma akwai abin faɗa a kansu. Amurka ba ta yi murna da waɗannan baƙi ba. Manufarta ita ce ofishin jakadanci ba ya ba da mafakar siyasa, sai dai fakewar ɗan lokaci ga wanda ransa ke cikin haɗari. Jami'anta na tuna Kadinal Mindszenty, wanda ya shiga ofishinsu na Budapest a 1956 bai fita ba sai 1971. Suna kuma tsoron idan aka kyautata wa bakwai, gobe ɗari bakwai za su zo. Ga shi gwamnatin Jimmy Carter na neman kammala yarjejeniyar taƙaita makaman nukiliya da Mosko ruwa a jallo. Saboda haka shawarar da jakada Malcolm Toon da mutanensa suka dinga ba su ita ce shawarar da Sobiyet ke ba su: ku koma gida ku cike takarda.

Wata biyu na farko a ɗakin jiran masu neman biza suka yi shi. Da rana suna zaune a kan kujeru da Baibul a hannu, mutane na shiga suna fita ta gabansu. Da dare su miƙe a kan kujerun. Wanka da wanki a bayin ofis. Abinci kuwa wasu ma'aikata da matansu ne suka dinga kawo musu daga gidajensu, don tausayi, ba don an umarce su ba. A ƙarshen Agusta aka sauko da su wani ɗaki a ƙasan ginin.

Ɗakin bai wuce mita uku da rabi a faɗi da mita shida a tsawo ba. Gado biyu ne a ciki, da murhun girki, da firji, da ɗan bayi a gefe. Taga tana daidai da daɓen titi, an gitta mata ƙarfe, abin da ake hange ta cikinta ƙafafun masu wucewa ne da 'yan sandan da ke gadin ƙofa. Mutum bakwai, gida biyu: magidanci da matarsa, 'yan mata uku da suka isa aure, wata matar da mijinta ke can Siberiya, da saurayi mai tasowa. In dare ya yi, waɗanda ba su sami gado ba su shimfiɗa a ƙasa. A shekarun farko an taƙaita waɗanda za su ziyarce su, an hana 'yan jarida ɗaukar su hoto a ciki, wasiƙun da ake aiko musu daga waje ma ba sa isowa yadda ya kamata. Ba wanda ya doke su, ba wanda ya kore su. Amma an tabbatar ba su ji daɗin zama ba.

Ba sai an faɗa ba, zama irin wannan yana cin rai. Saɓani ya shiga tsakanin gidajen biyu, kamar yadda zai shiga tsakanin kowaɗanne bayin Allah da aka cusa wuri guda ba ranar fita. Duk da haka ba su zauna hannu rabbana ba. Suka koyi Turanci, har Lyubov ta zama bakinsu wurin baƙi da 'yan jarida. Matan suka riƙa saƙa da ɗinki. Suka zauna suka rubuta tarihin cocinsu da na gidansu, shafi bayan shafi, da sunayen waɗanda aka ɗaure da hukuncin da aka yanke musu. Aka fitar da rubutun waje, marubucin Ingila John Pollock ya gina littafi a kansa a 1979. Daga nan ne duniya ta san su da laƙabin 'yan Siberiya bakwai, coci-coci a Amurka da Ingila da sauran ƙasashen Turai suka kafa kwamitocin neman a sake su, Sanata Carl Levin ya gabatar da ƙudurin ba su izinin zama a Amurka.

Sai dai iskar siyasar duniya ba ta kaɗa ta wajensu ba. A Disamban 1979 sojojin Sobiyet suka shiga Afganistan. Amurka ta ƙaurace wa wasannin Olamfik na Mosko a 1980. Zumunci ya yi tsami, kuma duk lokacin da ya yi tsami, masu neman fita ne ke fara ɗanɗanawa. Matsayin fadar Kremlin bai motsa ba: ba za a duba takardar wanda ke zaune a ofishin jakadancin wata ƙasa ba, domin in aka yi haka an koya wa kowa hanya. Matsayin iyalin shi ma bai motsa ba: shekara ashirin suna cike takarda a gida, abin da suka samu kurkuku ne. Gaba kura, baya sayaki.

Wadda ta warware wannan ƙulli ita ce Lidiya, yarinyar nan da aka ƙwace daga hannun uwarta a 1962. A ƙarshen Disamban 1981, ita da mahaifiyarta suka shiga yajin cin abinci. Makonni suka wuce, jiki ya fara ƙarewa. Carter, wanda a lokacin ya sauka daga mulki, ya bugo waya da kansa yana roƙon su ci abinci, suka ƙi. Likitan ofishin jakadanci ya ce rayuwar Lidiya na cikin haɗari, kuma ba shi da kayan aikin da zai cece ta. Ranar 30 ga Janairu, 1982, aka fitar da ita a mota zuwa asibitin Botkin da ke cikin Mosko. Wannan ne karo na farko da ɗaya daga cikinsu ya taka waje cikin shekara uku da rabi, kuma ba wanda ya san ko za a sake ganin ta.

Ba a kama ta ba. Idon duniya na kanta, likitocin Sobiyet suka yi mata magani. Da ta sami sauƙi sai ta yanke shawarar da na fi jinjina mata a duk tarihin nan: ta ce ba za ta nemi komawa ɗakin ba, Chernogorsk za ta tafi. Hukuma ta ce a koma gida a cike takarda, to ga ta ta koma. In an ba ta izini, hanya ta buɗe wa saura. In an ɗaure ta, duniya ta ga gaskiyar abin da iyayenta ke tsoro. Kanta ta ajiye jingina. Ta isa gida a Fabrairu, ta tarar da ƙannen da suka girma ba uwa ba uba a kusa, ta cike takardu, ta jira fiye da shekara, ana sa musu ido ana tsangwamar su.

A Nuwamban 1982 Brezhnev ya mutu, Yuri Andropov, tsohon shugaban hukumar leƙen asiri ta KGB, ya gaje shi. A Washington kuma Ronald Reagan ya shekara biyu a kan mulki bai taɓa zama ya yi doguwar magana da wani babban jami'in Sobiyet ba. Ranar 15 ga Fabrairu, 1983, sakataren harkokin waje George Shultz ya shigo da jakadan Sobiyet, Anatoly Dobrynin, Fadar White House ba tare da sanarwa ba. Suka yi kusan awa biyu. Dobrynin ya zo da shirin maganar makamai masu linzami, sai ya ji shugaban Amurka ya dage kan wasu talakawa shida da suka rage a ɗakin ƙasa a Mosko. Abin da Reagan ya ce a taƙaice shi ne: ku bar su su tafi, ni kuma ba zan yi shela ba, ba zan ce na ci ku da yaƙi ba.

Wannan alƙawari ne ya yi aiki, domin ya taɓa ainihin ciwon. Kremlin ba ta da wata buƙata da mai haƙar kwal da 'ya'yansa. Abin da ba za ta iya haɗiyewa ba shi ne a ce an tanƙwara ta. Amsa ta zo a kaikaice, cewa in sun bar ofishin suka koma gida, za a duba lamarinsu. A gefe guda kuma wakilin Amurka a taron Madrid kan yarjejeniyar Helsinki, Max Kampelman, yana ta tattaunawa a asirce da takwaransa na Sobiyet. Abin lura shi ne, ranar 8 ga Maris Reagan ya tsaya gaban taron malaman coci a Florida ya kira Tarayyar Sobiyet daular sharri, bayan mako biyu ya sanar da shirinsa na kariya daga makamai ta sararin samaniya. Duk wannan hayaniya ba ta rushe ƙaramar yarjejeniyar da ba a rubuta ba.

Ranar 6 ga Afrilu, 1983, Lidiya ta hau jirgi daga Mosko zuwa Biyenna, daga can ta wuce Isra'ila. Fita da sunan Isra'ila hanya ce da hukumar Sobiyet ta saba bari a bi, don haka ba ta zubar mata da girma ba, su kuma iyalin sun daɗe suna begen ƙasar da suke karantawa a littafinsu. Da Lidiya ta tabbatar musu ta waya cewa ta sauka lafiya, sai sauran shida suka tattara 'yan komatsansu. Ranar 12 ga Afrilu suka fito, suka koma Chernogorsk, ba su da wata takardar lamuni a hannu sai maganar da aka yi a bayan labule. Augustina ta ga 'ya'yan da ta bari suna ƙanana sun zama samari da 'yan mata. Suka sayar da abin da suka mallaka. A ƙarshen Yuni mutum 15 na gidan Vashchenko suka bar ƙasar, a watan Yuli gidan Chmykhalov suka bi baya. Zaman gidan Vashchenko a Isra'ila bai ɗore ba, domin dokar zama ɗan ƙasa a can ba ta shafi Kirista irinsu ba, daga baya suka ƙarasa Amurka. Reagan ya cika alƙawari, bai yi tutiya ba. Shultz ya rubuta daga baya cewa wannan ne ciniki na farko da gwamnatinsu ta yi da Sobiyet ya yi nasara.

Ƙofar da ta buɗe musu ba ta buɗe wa kowa ba. Ranar 1 ga Satumban wannan shekara jirgin yaƙin Sobiyet ya harbo jirgin fasinja na Koriya ta Kudu, mutum 269 suka mutu, dangantaka ta koma gidan jiya. Yahudawan da aka bari suka fita, waɗanda suka haura 51,000 a 1979, ba su kai 1,000 ba a 1984. Dubban 'yan Pentikostal da suka sa sunayensu a takardun neman hijira, a Ukraniya da Siberiya da gabas mai nisa, ba wanda ya kira sunansu a White House. Aka ci gaba da cin su tara, ana korar su daga aiki, ana ɗaure shugabanninsu. Sai da Mikhail Gorbachev ya zauna daram a kan mulki aka fara sakin fursunonin addini a 1987, daga 1988 kuma aka bar 'yan Pentikostal suka fara fita gida-gida. A Oktoban 1990 majalisar ƙoli ta zartar da dokar 'yancin addini, wadda ta halatta koya wa yara addini a fili, shekara 28 bayan ranar da aka raba Lidiya da ƙannenta biyu da iyayensu.